Ɗakin shanya mai aiki da rana: Kada a mayar da shi kayan rabo

Duk wanda ya bi hanyar Keffi zuwa Akwanga da Lafiya a lokacin kaka, ko ya ratsa tsakanin Zariya da Kano a tsakiyar rani, ba ya buƙatar rahoton masana kafin ya san yadda ake busar da abincin ƙasar nan. A gefen kwalta ake baza shi: rogon da aka fere don yin alabo, shinkafar da aka turara, barkono, da tumatirin da aka tsattsaga don ya zama kauɗa. Manyan motoci na wucewa suna bule shi da hayaƙi da ƙura, awaki na bi ta kai, ɓeraye na zuwa da dare, in kuma hadari ya taso sai a tattara shi a gurguje a ɗura a buhu da sauran laimarsa. Wani kaso na wannan kaya shi ne ke sauka a kasuwannin Wuse da Utako da Dei-Dei, daga nan ya shiga tukunyar masinja da ta babban sakatare ba tare da bambanci ba.

Ba rashin wayo ne ya kai manomi bakin titi ba. Kwalta baƙa ce, tana shan zafin rana ta riƙe, a shimfiɗe take, kuma ba a biyan ko sisi. Abin da injiniyoyi suka ƙara a kan wannan tsohuwar dabara shi ne rufi da mafitar iska. Ana daɓe ƙasa da siminti, a kafa ƙarafa a lanƙwasa su kamar baka, a lulluɓe da leda mai kauri ko da farantin roba mai tauri wanda haske ke ratsawa, irin wanda ake rufa wa gidajen rainon shuka. Hasken rana ya shiga, daɓen da kayan da aka baza a kan raga su ɗauki zafi, rufin kuma ya hana zafin tserewa nan take. A rana mai kyau zafin ciki kan kai digiri 50 zuwa 60 a ma'aunin Selshiyos. Amfanin wannan zafi shi ne iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ƙishirwa: duk ƙarin digiri 11 ko makamancin haka yana ninka yawan tururin ruwan da za ta iya ɗauka. Sai dai idan iskar ta ƙoshi ba ta sami hanyar fita ba, ɗakin ya koma madambaci, kaya ya sulala ya fara ruɓewa. Shi ya sa ake sa masa tagogi masu raga da ƙananan fankoki da faifan sola ke juyawa. Ginin ke nan baki ɗaya. Ba ya shan dizal, ba ya jiran a kawo wuta.

Fasahar ba baƙuwa ba ce. Jami'ar Hohenheim da ke Jamus ta ƙera wani samfurinta mai kama da dogon rami tun shekarun 1980, ya kuma bazu a ƙasashe da dama. A nan gida, Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Ƙasa, NSPRI, wadda hedkwatarta ke Ilorin kuma tana da reshe a Kano, ta daɗe da fitar da nata samfurin mai lanƙwasasshen rufi, haka ma cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ta yi aiki a kan busar da kaya da zafin rana. Ke nan ba a buƙatar sabon kwamiti, balle tawagar da za ta je ƙetare ganin yadda ake yi.

Abin da ake buƙata shi ne a yi tunani kafin abin ya shiga kasafin kuɗi ta ƙofar da aka saba. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan samar da abinci a Yulin 2023, da kuma lokacin da hauhawar farashin abinci ta haye kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, maganar asarar da ake tafkawa bayan girbi ta dawo bakin jami'ai. Hakan ya dace, domin shekara da shekaru hankalin gwamnati yana kan taki da iri da tarakta. Shirin ba manoma rance na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 ya lashe sama da naira tiriliyan ɗaya, kusan duk a kan abin da ke faruwa kafin girbi. To amma wanda ya san yadda fitilun sola na kan titi suka mamaye ayyukan mazaɓu ya san abin da ke jiran duk wata na'ura mai kalmar "sola" a sunanta, mai sauƙin ɗaukar hoto, mai wuyar a gane ainihin farashinta. Ɗakin shanya ya cika waɗannan sharuɗɗa duka. Idan ya bi wannan hanya, nan da 'yan shekaru za a sami ɗaruruwan ƙwarangwal na ƙarfe da yagaggiyar leda a bayan ƙauyuka, a kuma ce an gwada fasahar ba ta yi ba.

Zai zama babbar asara, saboda abin da ke cikin maganar ya wuce ƙura a miya. Hatsi ko gyaɗar da aka adana da laima tana yin fumfuna, wani nau'in fumfunar kuma yana fitar da guba mai suna aflatoksin. Duniya ta fara sanin wannan guba ne a 1960, lokacin da talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. A 2004 gubar ta kama mutum 317 a gabashin Kenya ta hanyar masarar da aka adana a jiƙe, 125 daga cikinsu suka rasu. Irin wannan annoba ta farat ɗaya ba ta cika faruwa ba. Wadda ta fi yawa ita ce ta sannu a hankali: guba kaɗan-kaɗan a tuwo da koko da ƙuliƙuli, shekara bayan shekara, har ta kai ga kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasar nan. Binciken da aka yi a Benin da Togo ya danganta ta da tsumburewar yara. Dahuwa ba ta kashe ta, ido ba ya ganinta, kuma tana bi ta abincin dabbobi ta shiga madara. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage mugun nau'in fumfunar, amma aikinsa rabin hanya ne idan bayan girbi an bar kaya ya yi mako guda yana jiƙewa yana bushewa. Masara na buƙatar danshinta ya sauka zuwa kimanin kashi 13 cikin 100 kafin ta shiga rumbu, shanshera kashi 14, gyaɗa kashi 7 zuwa 8, kuma saurin saukar yana da muhimmanci kamar saukar kanta.

Ga kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, kuma fitsari da kashin wani nau'in ɓera ke yaɗa shi. Duk shekara hukumar NCDC tana gargaɗin a daina shanya abinci a ƙasa da bakin hanya. Gargaɗin daidai ne, amma matar da ke fere rogo a Edo ko Taraba ba a nuna mata inda za ta shanya ba idan ta bar titin.

A fagen ciniki kuwa, Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da aflatoksin ɗinta ya wuce kashi 4 cikin biliyan. A 2015 ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya. Dalilin wannan haramci shi ne maganin ƙwari irin na fiya-fiya da ake zuba wa wake a ajiya, ba shanya ba, sai dai tushen matsalar ɗaya ne: kaya yana barin gona lafiya lau, ya lalace a tsakanin gona da tashar jirgin ruwa. Ko a cikin gida, tsakuwar da ta sa ma'aikacin Abuja ke gudun shinkafa 'yar gida, har a lokacin da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, akasarinta a wurin sussuka da shanya take shiga.

Duk da haka ya kamata a faɗi iyakar abin tun kafin masu talla su zuzuta shi, kuma lissafin ba mai wuya ba ne. A kilo 100 na ɗanyen tumatir, kusan kilo 94 ruwa ne. Idan aka busar da shi har ruwan da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, abin da za a kwashe bai cika kilo 7 ba. Wato tan ɗaya yana buƙatar a fitar masa da ruwa sama da kilo 900. Kafin kilo guda na ruwa ya zama tururi yana cin zafin da ya kai kusan kashi biyu cikin uku na kilowat-awa, wato yunit ɗin nan da ake saye a zuba wa mita. Rana kuwa a arewacin ƙasar nan tana sauke kimanin yunit 6 a kan kowace murabba'in mita a yini. Ko da an ɗauka cewa ɗakin yana cin moriyar kashi ɗaya cikin uku na wannan, wanda kyakkyawan zato ne, ruwan da kowace murabba'in mita za ta fitar bai wuce kilo 3 a yini ba. Ɗaki mai faɗin murabba'in mita 100 zai yi kwana uku ko fiye a kan tan ɗaya na tumatir. Lodin tirela guda mai tan 30 yana buƙatar ɗakuna 30 irin wannan. Duk takardar da ta iso teburin darakta tana alkawarin cewa ɗakunan shanya za su shanye tumatirin da ke ambaliya a Kwanar Gafan da Danja tsakanin Janairu da Maris, a mayar da ita a ce a sake lissafi.

Hatsi ma yana da tasa iyakar. Ruwan da za a cire daga tan guda na masara mai danshi kashi 25 bai kai kilo 140 ba, amma dole a baza ta siririya, kuma dubban tan ne ke fitowa cikin 'yan makonni a Saminaka da Funtuwa da Dandume. Wannan aiki ya fi dacewa da injin busarwa mai hura iska mai zafi, wanda za a iya hura wutarsa da totuwa ko ɓuntun shinkafa. Inda ɗakin rana ke da riba shi ne kaya mai tsada wanda launi da ƙamshi da tsabta ke yanke farashinsa: cittar Kachia da Kwoi, barkono da tattasai, kuɓewa, zoɓorodon Jigawa, ganyen zogale da kuka, kifi, kilishi, sai kauɗa mai daraja ta farko wadda za ta iya shiga kanti ko ta tsallake teku. Iri kuwa a yi hattara da shi, domin zafin da ya wuce digiri 43 yana kashe ƙarfin tsirarsa.

Kuma ƙasar ba yanayi ɗaya take da shi ba, abin da takardun kwangila na tarayya suka saba mantawa. A Kano ko Katsina da hunturu iska a bushe take ƙayau. Ko a inuwa aka ajiye kuɓewa za ta bushe. Matsalar can ita ce ƙura da yashi da dabbobi da raɓar asuba, saboda haka abin da ake so shi ne rumfa mai arha, mai raga a gefe da gado a ɗage daga ƙasa. Ɗaki rufaffe ruf a watan Afrilu, lokacin da zafin waje ya haye digiri 40, zai ƙone tattasai ya baƙanta shi, ko ya busar da bayan tumatir ya kulle ruwa a ciki. Ƙurar hunturu kuma tana kwanciya a kan rufi ta tare haske, sai an riƙa wankewa. A Binuwai da Kogi da Oyo labarin daban ne. Masarar farko tana nuna ne tsakanin Yuli da Satumba, ruwa na sauka, gajimare ya rufe rana, iska cike da laima. A can rufin shi ne komai, kuma ɗakin yana buƙatar murhu a gefe da zai tallafa masa da dare da ranakun da rana ta ƙi fitowa, in ba haka ba kaya zai sake shan laimar da ya fitar da rana. Zane ɗaya da za a buga a Abuja a raba wa 'yan kwangila a jihohi 36 zai yi wa wasu yawa, ya gaza wa wasu.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Babbar tambayar ita ce: wa zai biya manomi ladan busarwa? Buhun masara mai kilo 100 da danshi kashi 25, idan aka busar da shi yadda ya kamata, kilo 86 zai koma. Manomin ya yi asarar kilo 14 na ruwan da zai iya sayarwa da kuɗin masara. Idan a Dawanau ko kasuwar ƙauye farashin bai bambanta sosai ba, to wanda ya busar da kyau shi ne ya ci tara. Dillalai suna da nasu gwaji: su ciji ƙwaya, su saurari ƙararta a tafin hannu, su duba launi. Haƙori dai ba ya raba kashi 13 da kashi 16, kuma babu dillalin da ke ganin aflatoksin. Kauɗar da ta sha yashi da wadda aka busar a kan raga duk tiya ɗaya ke auna su, mai yashin ma ta fi nauyi. Muddin haka kasuwa take, ko kyauta aka gina wa manomi ɗakin shanya zai koma bakin titi, domin titin ya fi kusa, ya fi faɗi, kuma ba a bin layi. Gina ɗaki ba tare da gyara farashi ba, an bar jaki ana dukan taiki ne.

A nan ne gwamnatin tarayya ke da wani ƙarfi da ba ta cika amfani da shi ba. Ita babbar mai sayen abinci ce. Tana saye don rumbunan ajiyar ƙasa, waɗanda aka ba da umarnin fitar da tan 42,000 daga cikinsu a Fabrairun 2024 kuma dole a sake cikawa. Tana saye don hukumar NEMA, da sojoji, da gidajen gyaran hali, da makarantun haɗaka, da shirin ciyar da 'yan firamare. Ko da akwai sharaɗin danshi a takardun waɗannan kwangiloli, saƙon ba ya isa ga manomi, saboda ɗan kwangila ke tsakani, shi ke cin bambancin. Da za a bayyana farashi hawa biyu, a ce kayan da na'ura ta auna danshinsa, aka gwada gubarsa, aka san ɗakin da ya fito, yana da ƙarin kaza a kan kowane buhu, a kuma sayi wani kaso kai tsaye daga ƙungiyoyin manoma da masu ɗakunan shanya masu rajista, da kasuwar ta fara jin bambancin cikin kaka biyu. Manyan kamfanonin abincin kaji da na casar shinkafa sun riga sun saba auna danshi a bakin ƙofa su rage wa jiƙaƙƙe kuɗi. Babu dalilin da zai sa hukumar da ke ciyar da yara ta fi mai kiwon kaji sakaci. Na'urar auna danshi ta hannu ba ta kai girman takalmi ba, kuɗin ɗakin shanya guda zai sayi da yawa daga cikinsu, kuma ita ce ya kamata ta fara isa kasuwannin hatsi.

Sai batun mallaka. A duk faɗin ƙasar nan babu ƙauyen da ya rasa injin niƙa, alhali ba ma'aikatar da ta taɓa raba shi gida-gida. Wani ne ya sa kuɗinsa, yana karɓar ladan kowane mudu, idan bel ya tsinke kafin azahar ya nemo wani, domin abincinsa ke nan. A gefe guda ga rijiyoyin burtsatse na ayyukan mazaɓu da suka tsaya saboda ƙaramin gyara, har hukumar ICPC ta kafa shirin bin diddigin irin waɗannan ayyuka a 2019. Ɗakin shanya ya fi kama da injin niƙa. Ledar da ba a haɗa ta da sinadarin kariya daga rana ba tana fashewa cikin shekara ɗaya ko biyu. Fanka na mutuwa. Raga na yagewa. Ana buƙatar mai juya kaya, mai buɗe taga idan zafi ya yi yawa, mai hana a haɗa kifi da zoɓorodo a rana ɗaya, mai raba layi idan mutum goma suka zo da kaya a mako guda. Abin da aka ce na al'umma ne, ba a ambaci sunan kowa ba, ƙarshensa ko dai ya zama na mai unguwa ko ya zama garken awaki.

Ƙasar Thailand ta bi wata hanya da ta cancanci a duba. Farfesa Serm Janjai na Jami'ar Silpakorn ya ƙera ɗakin shanya mai lanƙwasasshen rufin roba mai tauri da daɓen siminti da fankokin sola, sashen gwamnati mai kula da sabbin hanyoyin makamashi kuma ya tallafa wajen yaɗa shi ta hanyar biyan wani kaso na kuɗin gini, mai sana'a ya biya sauran. Masu busar da ayaba a lardin Phitsanulok, waɗanda da can ƙuda da ruwan sama ke ɓata musu kaya, suna daga cikin waɗanda suka fi cin moriyarsa. Ɗakunan sun tsaya ne saboda masu su sun sa kuɗinsu, kuma suna da kasuwar da ke biyan tsabta. A nan gida ma kamfanin ColdHubs, wanda ya faro daga Owerri, ya nuna cewa 'yan kasuwa da ƙananan manoma za su biya kuɗin kwando-kwando don ajiya a ɗakin sanyi mai aiki da sola idan sun ga riba. Abin da ya yiwu a sanyi zai yiwu a zafi, kuma kayan aikin zafi sun fi arha nesa ba kusa ba.

Za a ce talaka ba shi da kuɗin biya. Amma yana biya tun yanzu, ta hanyar kwandon da ya ruɓe da buhun da aka karya masa farashi, kuma ya saba biyan mai casa da mai niƙa da kuɗi ko da awo. Inda tallafi ya wajaba, a sa shi a kan kuɗin gini ta hanyar Bankin Manoma ko Bankin Masana'antu ko Asusun Bunƙasa Noma na Ƙasa, da sharaɗin mai karɓa ya kawo nasa kason kuma ya nuna mai sayen kayansa. A kuma lura da su wa ke shanya a zahiri. Kuɓewa da kuka da yakuwa da turaren shinkafa da alabo galibi aikin mata ne, daga Kura har Bida. Idan aka kira taron masu ruwa da tsaki aka cika zaure da shugabannin ƙungiyoyin manoma maza, za a gina ɗakin a inda matan ba za su iya zuwa ba, a kuma ba da makullinsa ga wanda bai taɓa yanka kuɓewa ba.

Wurin da ya fi dacewa da shi sau da yawa shi ne gefen kasuwar ƙauye ko matattarar kaya, inda mai saye da mai sayarwa da na'urar awo za su haɗu. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora kula da kasuwanni a kan ƙananan hukumomi, filaye kuma suna hannun gwamnoni a ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗaɗen ƙananan hukumomi, ana ta tambayar me za su yi da kuɗin idan ya iso hannunsu. Ga abu ɗaya: fili mai shinge da daɓe da ruwa a bakin kasuwa, a ba masu sana'ar shanya haya.

Abin da ya rage wa tarayya shi ne aikin da babu wanda zai iya yi sai ita, ko da yake ba a yanka masa ƙyalle a gaban kyamara. Hukumar SON ta fitar da ƙa'idar leda da farantin rufi, domin a kasuwa ba a gane mai jure rana da ido, kuma nan ne ɗan kwangila zai fara yin ƙwange. A duba harajin shigo da farantin roba, wanda faɗuwar naira tun 2023 ta ƙara wa tsada, a kuma zauna da masana'antun leda na Kano da Legas, tunda ana sarrafa ɗanyen kayan leda a Eleme. A ba NSPRI kuɗin horar da masu walda da kafintoci a kowace shiyya, ta yadda gyara ba zai jira wani ya taso daga Ilorin ba, a kuma saki zane-zanenta ga duk mai so. NAFDAC da hukumar kula da lafiyar tsirrai da dabbobin da ke shige da fice su kusantar da gwajin aflatoksin zuwa manyan kasuwanni, tunda akwai ɗan tsinken gwaji mai ba da sakamako cikin mintuna.

Idan kuma duk da haka wani ɗakin shanya ya shigo kasafi a matsayin aikin mazaɓa, kamar yadda babu makawa zai shigo, mataimakin da fayil ɗin ya biyo ta hannunsa yana iya rubuta tambayoyi kaɗan a gefe kafin ya miƙa: wane amfani za a busar, a wane wata, sunan wa ke kan makulli, wa zai sayi ledar canji a shekara ta uku. A kuma ɗaure biyan kason ƙarshe na ɗan kwangila da shaidar cewa ɗakin ya yi aiki kaka guda cikakkiya, maimakon hoton ranar ƙaddamarwa. Sannan a dubi kalanda, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kuɗin manyan ayyuka ya saba fitowa a makare. Ɗakin da aka yi domin masarar Agusta a Binuwai dole ya tsaya da ƙafarsa kafin ƙarshen Yuni, na citta a kudancin Kaduna kafin Nuwamba, na tumatir da tattasai a Kadawa kafin Janairu.